Zariya na kan tudu, to me ke kawo ambaliya? Sharhi kan tsayi da shimfiɗar ƙasar Zazzau

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar NIHSA mai lura da koguna suna fitar da hasashensu na damina. Idan marka ta kankama kuma, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya takan biyo baya da jerin garuruwan da ake fargabar ambaliya a cikinsu nan da 'yan kwanaki. Sunan Zariya kan fito a irin wannan jeri, kuma duk ranar da ya fito sai gardama ta tashi a majalisu da shafukan sada zumunta. Wani ya ce Zariya ta fi Kano tsayi, ta fi Kaduna, ba ta bakin Kwara ba ta bakin Binuwai, ta ina ruwa zai hau ta? Wani ya zaro waya ya nuna lamba 640, na kusa da shi ya nuna 686, wani can ya ce shi 2,200 ya gani. Mutumin ƙauye da ya ji sanarwar a rediyo ya rasa ko da shi ake, tunda ba a ambaci garinsu ba, ƙaramar hukuma kawai aka faɗa.

Ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: tsayin gari daga doron teku, da tsayin gida ko gona daga rafin da ya fi kusa da su. Na farko shi ake rubutawa a littafi. Na biyu shi ke yanke hukunci a watan Agusta.

Tsayi iri biyu

Idan aka ce Samaru, unguwar da ke gefen Zariya, tana kan mita 686, kamar yadda masu bincike na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR suka saba rubutawa a takardunsu, ana nufin tazarar da ke tsakanin ƙasar wurin da matsakaicin doron ruwan teku, a tsaye. Ma'aunin da Najeriya ke aiki da shi an ɗauko shi ne daga gaɓar tekun Legas, masu safiyo suka riƙa miƙa shi daga alama zuwa alama har ya iso Arewa. Filin jirgin sama na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgi da ke Zariya yana wajen mita 660. Mafi yawan filin da gari da ƙauyukansa suke zaune a kai yana tsakanin mita 600 da 700.

Wannan lamba tana da amfaninta. Matuƙin jirgi ba zai sauka ba sai da ita. Ita ce kuma ke bayyana wani ɓangare na yanayin garin, domin iska tana raguwa da kusan digiri shida na zafi a duk hawan mita dubu. Ke nan Zariya ta samu rangwamen kusan digiri huɗu a kan wurin da ke daidai da teku, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa bazararta ba ta kai ta Sakkwato zafi ba, alhali darenta na hunturu yana kaɗa haƙori. Jos da ke sama da mita 1,200 ta fi kowa cin wannan moriya, shi ya sa dankalin Turawa ya karɓe ta.

Amma ruwan sama bai san da teku ba. Inda ya faɗi, kwarin da ke kusa yake nema. Gida a Lakwaja, garin da bai kai mita ɗari daga teku ba, idan yana kan gangaren dutse mita ashirin sama da Kwara, ya fi zama lafiya a kan gidan Zariya da ke kan mita 650 amma taku kaɗan ne tsakaninsa da Kubanni, rafin da ya ratsa garin. Wannan tsayi na biyu babu shi a allon gari, babu shi a takardar fili, kuma shi ne manomi ke nufi idan ya ce nan tudu ne, can kwari ne, can fadama ce.

Tudu shi ne inda ruwa ba ya kwana. Gangare shi ne inda yake gudu. Fadama ita ce shimfiɗar da ke gefen rafi wadda ruwa ke malalewa a kai da damina, ta riƙe danshi har cikin rani. Kwari kuwa duk wani wuri ne da ya faɗa ƙasa da kewayensa, ko da rafi ko babu. Duk huɗun za a iya samunsu a ƙauye guda, cikin tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba.

Abin da ya sa lambobin ke saɓawa

Wanda ya ga 2,200 da wanda ya ga 670 abu ɗaya suka gani. Na farko da ƙafa aka auna masa, na biyu da mita, kuma mita ɗaya ƙafa uku ce da ɗan ɗoriya. Tsofaffin taswirorin gwamnati da na matuƙa jirgi da ƙafa suke lissafi.

Sauran saɓanin na wuri ne da na na'ura. Zariya ba ɗigo ɗaya ba ce a taswira. Daga cikin ganuwa zuwa Samaru tafiyar sama da kilomita goma ce, kuma ƙasar tana hawa a hankali zuwa can, don haka lambar da aka ɗauka a Ƙofar Doka ba za ta yi daidai da ta Samaru ba. Ita kuma waya, GPS ɗinta ya fi iya faɗin inda mutum yake a kan faɗin tsayinsa. Kuskuren mita goma ko ashirin a tsaye ba abin mamaki ba ne. Yawancin shafukan intanet da ke ba da tsayin ƙauyuka ma ba su taɓa tura kowa ƙauyen ba. Da yawansu sun dogara ne da awon da wani kumbon Amurka ya yi wa doron duniya a watan Fabrairun 2000, wanda ya yanka ƙasa gida-gida, kowane gida mai faɗin kusan mita talatin, ya ba shi lamba guda. Kan bishiya da rufin gini sukan shiga cikin lissafin. Irin wannan awo ya isa a gane cewa Samaru ta fi Dakace da ke gefen kogin Galma tsayi. Bai isa a gane ko ruwa zai shiga zauren wane ya bar na wane ba, tunda bambancin da ke tsakanin zaurukan biyu wataƙila bai kai mita ɗaya ba.

Zariya tsakanin maƙwabtanta

Mai tafiya Kano daga Zariya gangarawa yake yi ba tare da ya sani ba. Kano tana wajen mita 480, wato ana sauka kusan mita ɗari biyu, amma an shimfiɗa saukar a kan tafiyar kilomita ɗari da hamsin, ido ba ya kama ta. Kaduna ta ɗan fi Zariya ƙasa. Funtuwa ta ɗan fi ta sama. Wanda ya ɗauki hanyar Pambeguwa da Saminaka zuwa Jos shi ne ke hawa na gaske, musamman a ƙarshen tafiyar.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ina ruwan kowane gari yake zuwa. Tsakanin Zariya da Kano akwai doron ƙasa da ya raba ruwan Arewa gida biyu. Wanda ya faɗi a ɓangaren Kano yana bin kogin Kano da Challawa ya zama kogin Haɗeja, ya nufi Tafkin Chadi. Wanda ya faɗi a ɓangaren Zariya yana bin Kubanni da Saye da sauran ƙoramu zuwa Galma, Galma ta zuba a kogin Kaduna, Kaduna ta ratsa Shiroro ta faɗa Kwara. A wajen Funtuwa kuma nan kogin Sakkwato yake tasowa ya yi yamma. Zariya ke nan tana kusa da saman ƙasa, inda koguna ke farawa, ba inda suke taruwa ba.

Wannan matsayi ne ya bambanta ambaliyarta da ta Lakwaja ko Haɗeja. A can, ruwa yana tahowa daga nesa, a ji labarinsa kwanaki kafin ya iso, ya zauna makonni. A nan, ban da gaɓar Galma wadda ta ɗauko ruwa tun daga gefen tsaunukan Jos, ruwan da ke cin gida na unguwa ne. An yi shi da daddare a Samaru da Hanwa, kafin asuba ya cika Kubanni, kafin azahar ya janye ya bar katanga a ƙasa. Gargaɗin kwana biyar ba ya yi masa aiki yadda yake yi wa babban kogi.

Daga ƙofar mai unguwa zuwa fadama

A ɗauki ƙauye irin Bomo da ke bayan Samaru, ko ƙauyukan da ke kan hanyar Hunƙuyi, ko na wajen Dakace a gefen Galma. Sunaye sun bambanta, amma tsarin ƙasar kusan guda ne, kuma ana iya karanta shi da ƙafa.

Tsohon gari yana kan tudu. Ƙasar jar ce, mai tsakuwa, wani wurin marmara ta leƙo waje har akuya na kwanciya a kai. Gidaje, masallaci, rumbuna da maƙabarta duk a nan suke. Daga bayan gidaje sai gonakin da ake zuba wa toka da takin gida, inda masara ke yin kyau. Gaba kaɗan sai manyan gonaki na dawa da waken suya da wake da gyaɗa, da ɗorawa da kaɗanya tsaye jefi-jefi. Har nan mai tafiya zai rantse a kan shimfiɗa yake, alhali ƙasar na sauka da mita ɗaya ko biyu a duk mita ɗari. Kunyoyin huɗa ne ke tona asirin: bayan ruwa, a duba ta gefen da suka fashe.

Sai a iso inda marmara ta ƙare. Sau da yawa akwai ɗan tsalle a wurin, kamar matakala ɗaya, ƙasar ta zama fako, ciyawa ta yi ƙaranci. A nan zaizaya take kama ƙasa. Turbar ƙafa ko burtalin shanu da ya miƙe kai tsaye zuwa rafi shi ruwa ke fara bi; bana ya yi zurfin idon sawu, baɗi ya kai gwiwa, kafin a ankara ya zama kwazazzabo mai cin gona ta gefe biyu yana kuma ja da baya zuwa gari.

Ƙasa da nan launi ke canjawa. Ja ya koma ruwan toka, ruwan toka ya koma baƙi, ƙafa ta fara nutsewa. Ga rake, ga shinkafa, ga mangwaro da gwaba a bakin gaɓa. Da rani nan ne kaɗai kore a duk faɗin ƙauyen: tumatir, albasa, tattasai, attaruhu, kabeji, da ƙarar injin ban-ruwa tun sassafe. Tazarar da aka sauka daga ƙofar mai unguwa zuwa nan sau da yawa ba ta wuce tsayin bene mai hawa uku ko huɗu ba. Cikin wannan 'yar tazara aka raba abin da za a shuka, da farashin gona, da zurfin rijiya, da yawan sauro, da inda gini zai tsaya. Raken da ya yi wa Maƙarfi suna da tumatirin ƙasar Kudan duk arzikin waɗannan 'yan mitoci na ƙarshe ne.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafa

Ƙasar Zazzau tana zaune a kan tsohon dutse mai shekaru sama da miliyan ɗari biyar. Zafi da ruwa sun daɗe suna ruɓar da samansa, wani wuri ruɓewar ta yi zurfi, wani wuri ta tsaya kusa. Inda dutsen ya fi tauri ya ƙi ruɓa, sai aka wanke abin da ke kewaye da shi ya rage tsaye shi kaɗai. Haka aka samu Kufena, wanda ya ɗara filin da ke gindinsa da fiye da mita ɗari, da Madarkaci a cikin ganuwa, da Tukur-Tukur, da Hange. A saman komai kuma akwai lallausar ƙasa da iska ta kwaso daga arewa a zamunnan fari na dā. Tana da daɗin noma, amma idan ruwa mai ƙarfi ya doke ta tsirara takan yi ɓawo, ruwan ya kasa shiga ya kama gudu.

Mai haƙar rijiya ya fi kowa sanin wannan jeri, ko da bai taɓa jin sunan ilimin ba. Gaba ta farko jar ƙasa ce, tana tafiya da sauri. Daga nan ya ci karo da marmara, diga na tartsatsi, yini guda bai fi ya ci kamu biyu ba. Idan ya huda ta sai ya faɗa farar ƙasa mai santsi wadda ke son ruftawa, nan ake buƙatar kwalbati. Ƙasa da ita akwai ruɓaɓɓen dutse mai kama da yashi, a nan ruwa ke tsatsowa. Idan ya ji diga ta yi ƙara ta dawo masa, ya taɓo dutse mai rai, aiki ya ƙare, ko da ruwa ko babu.

Dalili ke nan da ya sa rijiyar fadama ke ba da ruwa a gaba ɗaya ko biyu, ta tudu kuwa sai an yi nisa, kuma ta ƙafe a watan Maris ko Afrilu. Shi ne kuma dalilin da ya sa burtsatse a Zariya ta zama kamar sa'a. A ƙasashen da ke kan yashi mai kauri, irin wajen Maiduguri, ruwan ƙasa a shimfiɗe yake. A nan yana maƙale ne cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogin da ke ƙarƙashinsa. Maƙwabci ya dace da tsaga ya samu ruwa, na jikin katangarsa ya kashe kuɗi ya tashi da ƙura. Awon ƙasa kafin haƙa ba ya ba da tabbaci, amma yana rage asara sosai, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin rijiyar da ta mutu ba.

Yadda aka zauna dā, da abin da ya canja

Magabata sun zaɓi wuri da ido biyu. Turunku da Kufena, inda tarihin baka ya nuna an zauna kafin birnin Zariya na yanzu, duk a gindin duwatsu suke: ga tsaro, ga wurin hange, ga ruwan da ke tsatsowa daga gindin dutse, ga fadama kusa. A cikin birni, ƙasar da aka haƙa aka yi ganuwa da gidaje ta bar kududdufai, su kuma suka zama ma'ajiyar ruwan sama. Ba don ado aka bar su ba. Ruwan unguwa yana zuba a ciki ya tsaya, ya nutse a hankali, rijiyoyin kewaye su sha.

Zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na ashirin ya haifar da Sabon Gari. Tashar binciken gona ta Samaru ta fara a 1922, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, Kwalejin Jirgin Sama ta biyo a 1964. Gari ya miƙe tsawon kwarin Kubanni, wadda ta taso daga wajen Shika, ta ratsa jami'a inda aka datse ta a farkon shekarun 1970, ta wuce tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada kafin ta sadu da Galma. A shekarun 1960 masu bincike na Samaru suna nazarin Hanwa a matsayin ƙauyen manoma. Yau unguwa ce cikin gari.

Kowace gona da ta koma fuloti tana canja lissafin ruwa. Zariya na samun kusan milimita dubu ɗaya na ruwan sama a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Ruwan dare ɗaya mai milimita hamsin, idan ya sauka a kan fuloti mai ƙafa hamsin da ɗari, ya haura lita dubu ashirin da uku, wato fiye da jarka ɗari tara. Lokacin da wurin yake gona, ƙasa na shanye kaso mai yawa, sauran ya gangara a hankali. Idan aka rufe shi da kwano da siminti, kusan duka yake fitowa ta kwata cikin mintuna. A ninka wannan da dubban gidaje, a haɗa da kududdufan da aka cike aka yi shaguna, da magudanun da leda ta toshe. Rafin bai ƙara faɗi ba, wani wurin ma gini ya matse shi.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Hukumomin tsara birane, irin KASUPDA a Jihar Kaduna, matsayinsu a fili yake: ba a gini sai da izini, kuma akwai tazarar da dole a bari tsakanin gini da rafi. Hujjarsu ita ce wanda ya gina a hanyar ruwa ba kansa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba, ya tura ruwan gidan na gaba. Wannan gaskiya ce da kowane injiniya zai sa wa hannu.

Mazauna bakin rafi suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Yawancinsu ba su zaɓi kwari don sha'awa ba, nan ne kuɗinsu ya kai. Sun saya a gaban shaidu, da sa hannun mai unguwa, wasu har da takardar hukuma. Suna tambaya ina hukuma take ranar da dillali ke yanka fadama. Suna kuma nuna cewa ruwan da ke cinsu daga sama yake zuwa, daga unguwannin masu hali da suka shafe tsakar gida da siminti, da titunan da aka yi wa kwalbati ƙarami. Rusau ba tare da wurin komawa ba, a ganinsu, hukunta na ƙasa ne a kan laifin da aka yi tarayya da na tudu.

Akwai saɓani na biyu a kan sanadi. Wasu na ɗora komai a kan sauyin yanayi, wasu na cewa sakacin mutane ne. Binciken masana ya nuna ruwa mai ƙarfi na lokaci guda yana ƙaruwa a yankin Sahel da kewayensa, don haka ɓangaren farko bai yi ƙarya ba. Sai dai ruwa iri ɗaya kan sauka a unguwa biyu, ɗaya ta kwana lafiya ɗaya ta kwana a tsaye, kuma sama ba ta bayyana wannan bambanci. Ƙasa ce ke bayyana shi. Haka zancen cewa an buɗe dam, wanda ke yawo duk lokacin da ruwa ya yi ɓarna. Madatsar Galma da ke ƙaramar hukumar Kubau tana iya shafar mazauna gaɓar Galma, kuma idan Galma ta cika takan hana Kubanni zubewa da sauri a kusa da mahaɗarsu. Amma ba ta da hanyar kai ruwa Samaru, domin ruwa ba ya hawa tudu.

Na uku shi ne rikicin fadama kanta. Tun da shirin Fadama mai tallafin Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan injina da rijiyoyin tiyo a farkon shekarun 1990, darajarta ta tashi. Manomin rani na ganin ta a matsayin abincinsa na wata shida. Makiyayi na ganin mashaya da ciyawar rani da kakanninsa suka saba. Mai fili na kusa da gari na ganin fuloti. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi ba da izinin filayen karkara, amma ba ta warware wa ya fi cancanta da wannan siririyar shimfiɗa ba. Daga cikin amfanin uku, gini ne kaɗai ba a iya janyewa idan ruwa ya zo.

Abin da wannan ke nufi ga talaka

Sanarwar da ta ce Zariya ko Sabon Gari ko Soba tana cikin haɗari ba ta ce kowane gida ba. Ƙaramar hukuma ɗaya ta ƙunshi tudu da fako da fadama. Wanda ke tsohon gari a kan marmara abin da zai ji tsoro shi ne katangar ƙasa da ta sha ruwa da rufin da ke yoyo. Wanda ke sabuwar unguwa da aka yanka daga lambu shi ne sanarwar ta fi shafa. Gargaɗin zai fi amfani da a ce hukumomin jiha suna sauko da shi zuwa matakin unguwa da ƙauye, su ambaci rafi da sunansa, domin mutum ya fi sanin ƙoramar bayan gidansu a kan iyakar ƙaramar hukuma.

Ga mai neman fili, lokacin dubawa ya fi komai. Dattawa kan ce wa mai shirin gini, ɗana, kada ka sayi fili da rani, kuma dillalai sun san dalili. A watan Fabrairu fadama da tudu duk busassu ne. Amma alamu ba sa ɓuya: baƙar ƙasa mai tsagewa, ramukan tsofaffin rijiyoyin lambu, layin danshi a jikin katangar maƙwabta, gidajen da aka ɗaga dokin ƙofarsu da bulo biyu ko uku. Fili mai araha a kwari yakan karɓi rarar kuɗin a wajen ciko da harsashi, kuma cikon da mutum ya yi ya ɗaga gidansa maƙwabcinsa ne ke biyan sauran.

Ga manomi, gangaren da ido ba ya gani shi ke tafiya da taki. Buhun da aka saya da tsada aka watsa a gonar da kunyoyinta suka bi gangare, ruwa ɗaya ya isa ya kai rabinsa fadamar wani. Huɗa a gicciye, da barin layin ciyawa ko jera duwatsu a bakin fako, da toshe kan kwazazzabo tun yana ƙarami, aiki ne da ba ya buƙatar kwangila. Ƙasar da ta zaizaye kuma ba ɓacewa take yi ba. Tana taruwa a madatsun ruwa, ciki har da ta jami'a da ta Galma da gari ke sha, ta rage musu ciki shekara bayan shekara.

Ruwan famfo ma yana bin wannan doka a juye. Matatar ruwan gari tana ɗiba ne daga kwarin Galma, don haka duk unguwar da ke sama sai an tura mata da ƙarfin inji ko an tara a tanki mai tsayi. Ranar da wuta ta yi rauni, famfon tudu ne ke fara yin shiru, kuma a can 'yan ga-ruwa suka fi tsada saboda turin kura a hawa. Na kwari yana da ruwa kusa, amma rijiyarsa ce ke karɓar abin da ya tsatso daga masan da ke sama da shi. Masai a tudun rijiya, kusa da ita, hanya ce ta kai tsaye ga amai da gudawa a tsakiyar damina, kuma a unguwannin da fuloti ya matse, rijiyar wani takan zama ƙasa da masan maƙwabcinsa ba tare da ɗayansu ya lura ba.

Sai hanya. Ƙauye na iya zama kilomita biyar kacal daga kwalta, amma idan hanyar ta ratsa fadama sau biyu, a watan Agusta ya yi nisa da asibiti da kasuwa fiye da garin da ke kilomita ashirin a kan doron tudu. Motar ɗaukar masara ba ta shiga, ɗan acaɓa ya ninka kuɗi, mai naƙuda a ɗauke ta a kafaɗa a tsallaka da ita. Abin da irin wannan ƙauye ke buƙata sau da yawa kwalbati biyu ne masu girman da ya dace da ruwan da ke bi ta wurin, da ɗan ciko a mashigin, kafin a zo maganar kwalta.

Takardar safiyo da ta mallakar fili suna nuna iyaka da faɗi da lambobin turaku. Ba sa nuna inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa. Wannan bayani yana wajen mai unguwa, da tsohon da ya noma wurin kafin a yanka shi, da mai haƙar rijiyar unguwa, kuma mai saye yana da damar tambayarsu kafin ya biya kafin alƙalami.